Shinge Daga Gindi Yake Mutuwa

Akwai wani dattijon kafinta a unguwarmu da na ɓata wa suna bai yi mini laifin komai ba. Na riga na nemi gafararsa, ya kuma yafe, amma tun da a bainar jama'a na yi ɓarnar, bai kamata gyaran ya tsaya a zaurensa kaɗai ba. Abin da ya haɗa mu shingen katako ne na bayan gida. Duk mai shirin kafa irinsa zai iya tsira da kuɗinsa da mutuncinsa in ya ji yadda nawa ya ƙare.

Gidana yana wata sabuwar unguwa a bayan garin Zariya, irin wuraren da a da gonaki ne aka yanka su filaye. Na yi ginin gaba da bulo, kuɗi suka ƙare kafin a zagaye bayan gida. Uwargida kuwa ta riga ta mai da wurin lambu, ga alayyafo, ga kuɓewa da yakuwa, ga 'yan tumatir, ga zogale a gefe. Unguwar ta masu kiwo ce, da rani awaki yawonsu suke yi ba mai ce musu kanzil. Dole a yi kariya. Cikin maƙwabta wani ya yi darnin kara, wani ya ja zana, wani ya jera tsofaffin kwanon rufi. Ni duk na raina waɗannan. Na ga hoton shingen katako a waya, irin na gidajen Turai, falankai a jere kai ɗaya an shafe su da farin fenti, na ce ni ma sai irinsa. Ban tsaya na tambayi kaina ko garar ƙasarmu tana can inda aka ɗauki hoton ba.

Da na kira dattijon na zaci awo zai fara. Ko tef bai fito da shi ba. Ya bi iyakar filin a hankali yana duban ƙasa. Ya ɗaga wani guntun kara da ke yashe, ya nuna mini yadda aka lulluɓe shi da jar ƙasa. Ya je kan kututturen wata bishiya da aka sare lokacin yankan filaye, ya sa ƙafa ya doke shi, ya farfashe. Ya tambaye ni ko akwai suri a wurin kafin a yi gini. Na ce akwai, amma leburori sun baje shi. Ya ce, "Na sama suka baje dai."

Sannan ya ce, "Malam, wurin nan gidan gara ne. In itace kake so a ƙasa, nemo kirya ko azara mu yi dirka. In ba su samu ba, a kafa ƙarfe ko a zuba dirkar siminti, katako ya hau kansu. Falanki sayi wanda aljihunka ya iya, in ya lalace a cire a sa wani. Amma dirka kada ka yi mata rowa, ita ce shingen."

Na ce masa to, a raina kuwa na ɗauka irin maganar masu sana'a ce, a kumbura aiki don kuɗi ya ƙaru. Wannan zargin da na yi masa tun bai buga ƙusa ko ɗaya ba shi ne tushen duk abin da ya biyo baya.

A kasuwar 'yan katako na tambayi kirya, aka ce sai dai a sa masu shiga daji su nemo, kuma ba za ta zo a miƙe ba. Azara ta samu, amma baƙa ce, ga kaushi, ga tsada, ba ta yi kama da abin da na gani a hoto ba. Farin katako kuwa ga shi nan tsibi-tsibi, irin wanda manyan motoci ke kawowa daga dazuzzukan kudu, su afara da obece da malaina, a miƙe sambal, yana ƙamshin sabon yanka, kuɗinsa bai kama ƙafar na azara ba. Mai sayarwa bai yaudare ni ba. Ya tambaye ni aikin da zan yi, da na faɗa masa ya ce wannan na sili ne da zuba kankare, ba na binnewa ba ne. Na ce ai fenti zan shafa. Ya ce, "To Alhaji, kuɗinka ne." Na sayi tu-bai-fo na yin dirka, tu-bai-tu na tanka, da falankai. Har ɗaga su na riƙa yi ina zaɓar waɗanda suka fi nauyi, wai su ne masu ƙarfi. Ashe ruwa nake saye, katakon ɗanye ne shataf, bai daɗe da barin injin yanka ba.

Da dattijon ya ga kayan ya yi shiru. Daga baya ya ce tun da an riga an saya, a jera su a inuwa, a sa 'yan sanduna tsakani iska ta ratsa, su bushe tukuna. Na ce ba lokaci, za a sauke baƙin bikin ɗiyar yayana a gidana, ina son su tarar da shinge. Ya ce a sayo maganin katako a jiƙa gindin dirkokin. Na ce akwai baƙin mai a garejin abokina, kyauta ne. Ya ce ramin dirka ya wuce gwiwa. Bazara ce, ƙasa ta yi tauri, masu haƙa suna kuka da dagi, kuma kuɗinsu da zurfi yake tafiya, na ce ƙafa ɗaya ta isa. Ya ce a matso da dirkoki kusa da juna, na ce a buɗa su don kada a ƙaro katako. Ya ce a bar 'yar tazara tsakanin falankai, a kuma ɗaga su daga ƙasa. Na ce ba na son a riƙa leƙen iyalina, ba na kuma son 'yan tsaki su riƙa ficewa ta ƙasa. A kowace gaɓa ina da hujjata, kuma kowace hujja ita kaɗai tana da daɗin ji.

A ƙarshe ya ce, "Zan yi maka yadda ka ce, Malam. Amma ka zama shaida na faɗa maka."

Ya yi aikin, kuma ya yi kyau. Falankai sun jeru, ba wanda ya fi wani tsayi. Tun katakon bai sha iska ba na sa aka shafe shi da farin fenti. Baƙin biki suka yaba, maƙwabta suka riƙa zuwa kallo, ni kuma ina ta bayani irin na wanda ya san kan abu.

Alamu ba su ɓoye ba, ni ne na ƙi karanta su. Damina ta farko fenti ya fara kumbura yana ɓarewa daga ƙasa. Na ga 'yan hanyoyin jar ƙasa suna hawa gindin dirkoki, na sa takalmi na goge, bayan kwana biyu suka dawo, na sake gogewa. Da hunturu ya kama, falankai suka tsuke suka tsattsage, wasu suka lanƙwashe har suka zaro ƙusoshinsu, tazarar da na hana a bari ta buɗe da kanta, wani wurin faɗi wani wurin siriri. Ƙofa ta fara jan ƙasa. In na jingina da shingen sai na ji yana lilo. Duk da haka ban kira kowa ba, don kiran yana nufin amsa cewa an faɗa mini.

Hadarin farko na damina ta biyu ya taso daga gabas da la'asar, da irin iskar nan mai ƙura da ke rigan ruwa isowa. Ba ta daɗe ba, amma da ta lafa ɓangaren gabas na shingen gaba ɗaya yana kwance a kan kuɓewa. Washegari na fita aiki da niyyar in dawo in san abin yi. Mai unguwa bai riga ya yi shelar a ɗaure dabbobi ba. Kafin azahar awakin maƙwabcina sun gama da alayyafo da yakuwa, sun ɓare zogale har ɓawo.

Da a nan na tsaya, da asara ce kawai. Amma haushi ya ɗebe ni. Da dare a majalisar ƙofar masallaci na ce kafintan nan ya cuce ni, wai ya yi mini aikin algus, har na ce wa ya sani ko ya canza katakon da na saya da wani. Na san ƙarya ce tun ina faɗa, don a gabana aka sauke kayan, a gabana aka kafa su. Magana kuwa ta bazu. Daga baya na ji cewa wani da ya yi niyyar ba shi aikin rufin gida ya fasa. Ban tsaya nan ba, na tafi wajen maƙwabcina na ce sai ya biya kayan lambu.

Liman ne ya fara dawo da ni hanya. Ya ce hukuncin a fili yake a cikin Risala, wadda duk ɗalibin fiƙihu a ƙasar nan ya karanta: ɓarnar da dabbobi suka yi wa shuka da dare tana kan mai dabba, da rana kuwa mai shuka ne zai tsare kayansa. Ya ce asalin hukuncin wata taguwa ce ta sahabi Bara'u ɗan Azib da ta shiga gonar wani mutum ta yi ɓarna, labarin yana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik. Awakin da rana tsaka suka shiga, ta wurin da na bari a buɗe. Ba na bin maƙwabcina ko sisi.

Da na koma gida ina ta ƙunƙuni, uwargida, wadda ita ce ta yi asarar guminta, ta ce, "Malam, ka ji tsoron Allah a kan Baba. Ina tsakar gida ina jin ku ranar da ya ce ka zama shaida." Ban sami abin cewa ba.

Shi kuwa dattijon bai aiko mini da ko kalma ɗaya ba. Ni na je na same shi, na roƙi liman ya raka ni. Na ce, "Baba, na yi maka ƙazafi, ka yafe mini." Ya ce ya yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Na koma majalisar da na yi maganar na warware ta a gaban waɗanda suka ji. Wannan ya fi mini zafi a kan kuɗin katakon, kuma ban tabbata warwarar ta kai duk inda ƙaryar ta kai ba.

Bayan haka ne dattijon ya zo ya duba shingen. Ya sa hannu ya zaro guntun wata dirka daga rami ba tare da wahala ba, ya miƙo mini. Abin da na gani shi ne darasin. Saman dirkar, daga gwiwa zuwa kai, lafiya lau, ya ma bushe ya yi ƙarfi. Can ƙarshen da ke ƙasan rami da ɗan sauransa. Amma daidai inda itace ya haɗu da fuskar ƙasa, da ɗan abin da ke ƙarƙashin nan, ba abin da ya rage sai fatar fenti da jar ƙasa a ciki. Duk dirkokin a wuri ɗaya suka karye.

Na bi diddigin dalilin, wajensa da wajen wani abokina ma'aikacin gandun daji, kuma bakinsu ɗaya. Abu biyu ke cin itace a ƙasa, ruɓa da gara. Ruɓa aikin wasu ƙananan halittu ne dangin funfuna, kuma sai sun sami danshi da iska a tare suke aiki. Itacen da ruwan cikinsa bai kai kashi 20 cikin 100 ba, ba sa iya cinsa. Can ƙasan rami akwai danshi amma iska ta yi kaɗan, sama akwai iska amma rana tana busarwa, a bakin ƙasa ne suke samun duka biyun. Zariya tana samun ruwan sama wajen milimita 1,000 a shekara, kusan dukkansa tsakanin Mayu da Oktoba, wato watanni a jere gindin dirka yana jiƙe. Ni kuma na ƙara da ban ruwan lambu da rani, a jikin shingen. Bakin da aka yanke na katako yana tsotsar ruwa kamar lagwanin fitila, ya ninka gefensa nesa ba kusa ba, kuma shi na dasa a ƙasa ba magani. Fentin da na dogara da shi bai hana ruwa shiga ta ƙasa ba, fitarsa ya hana.

Gara kuwa gidanta a ƙarƙashin ƙasa yake, surin da ake gani ɗan abin da ya fito ne. Ba ta jure rana da busasshiyar iska, shi ya sa take gina hanyar ƙasa ta bi ta ciki. Hanyoyin da na riƙa gogewa da takalmi sanarwa ce cewa an riga an shiga. Tana cin ciki ta bar fata, mai shinge yana kallon fenti yana jin daɗi. Kututturen da na bari a wurin da guntayen katakon da leburori suka binne lokacin gini su ne suka riƙe ta a filin har na kawo mata farin katako.

Sauran aikin iska ta ƙarasa. Shingen da tsayinsa ya kai mita 1.8, aka manne falankansa ba ƙofar da iska za ta bi, duk ƙarfin hadari a jikinsa yake sauka, daga nan ya gangara kan dirka, ya taru a bakin ƙasa, wurin da ya riga ya ruɓe. Ƙa'idar masu aikin ita ce wajen kashi ɗaya cikin uku na tsayin da ke sama ya shiga ƙasa, wato ramin irin wannan shinge kada ya gaza santimita 60. Nawa rabin haka ne. Da ruɓa da gara sun ƙyale shi ma, da wuya ya ga damina da yawa a tsaye.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne duk wannan ba sabon ilimi ba ne. Mutanenmu sun daɗe da tantance itatuwa. Ba banza ake sassaƙa turmi da taɓarya da ƙotar gatari da kirya ba, ba banza maƙera ke neman gawayinta ba: itace ne mai nauyi da tauri, jan cikinsa gara ba ta son sa. Marke da madobiya su ma an san su da jimiri. Azara kuwa, wadda ake tsagawa daga giginya, musamman namijinta, ita ce ƙashin ginin soro a ƙasar Hausa. Da ita Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaure bakan gizon Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. A garin da wannan gini yake na tsaya ina raina azara don ba ta da kyan gani.

Dattijon ya ƙara mini da abin da ban taɓa lura da shi ba. Ya ce sunan itace kaɗai bai isa ba, sai an duba wane ɓangarensa aka ba ka. A yawancin itatuwa jan ciki ne mai jimiri, farin da ke ƙarƙashin ɓawo abincin ƙwari ne ko da na kirya ne, don haka ake ɓare ɓawon a sassaƙe farin da gizago kafin a kafa. Giginya kuwa akasin haka take, bayanta ne mai tauri, cikinta taushi gare shi, kuma azarar da aka tsaga daga gindin tsohuwar bishiya ta fi ta sama. Sandunan dogon yaro da na turare da ake sayarwa a bakin titi yawancinsu 'yan yara ne, kusan duk fari ne, ba su riga sun yi jan ciki ba. Cikin katakon kudu, loko yana jimre wa ƙasa, amma kuɗinsa ba na shinge ba ne ga irina. Afara da obece da na binne kuwa, ba sa cikin masu jimiri ko kaɗan.

Sai dai kada a ɗauka ina cewa kowa ya ruga daji ya saro kirya. Ƙarancinta a kasuwa yana da dalili. Masu gawayi sun yi mata ƙarƙaf, ga shi ba ta saurin girma. Madobiya, wadda 'yan kasuwa ke kira koso, an yi ta jigilarta zuwa ƙasar Sin daga dazuzzukan Taraba da maƙwabtanta har sai da aka sanya ta a 2017 cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta CITES ta taƙaita cinikinsu. Giginya tana ɗaukar shekaru masu yawa kafin ta isa yin azara. Abin da iyayenmu suka samu a bakin gona, mu sai da tsada, jikokinmu kuma wataƙila sai labari. Shi ya sa shawarar dattijon ta biyu, ta kafa ƙarfe ko siminti a ƙasa a ɗora katako a sama, ita ce ta fi dacewa da yawancinmu a yau.

Da muka tashi sake aikin, ban yi gardama ba. Muka tono kututturen nan da duk guntun itacen da muka samu a binne. Muka sami tsofaffin azarori daga wani soro da ake rushewa a cikin birni, sun girme ni amma zarto da ƙyar yake cinsu. Dirkokin ƙofa da na kusurwa, inda nauyi ya fi yawa, muka yi su da bututun ƙarfe a cikin kankare, aka ɗaga kan kankaren ya ɗan fi ƙasa tsayi, aka karkata shi don ruwa ya gangare. Dattijon ya gargaɗe ni cewa in aka zuba kankare har ƙarƙashin dirkar itace aka rufe ta ruf, ruwa ne zai kwanta a ciki ya ruɓar da ita, don haka a ramin azara tsakuwa muka fara zubawa, muka shafe gindin da kwalta har ya ɗan haura bakin ƙasa, muka riƙa mai da ƙasa kaɗan-kaɗan ana daɓewa. Tsakanin dirka da dirka bai kai mita 2 ba. Azara ba ta karɓar ƙusa, tsagewa take yi, sai da aka huda ta aka ɗaure tanka da noti.

Falankan tsohon shingen da yawa sun tsira, kuma yanzu sun bushe. Aka yanke ƙasansu da ya lalace, aka kankare fentin, aka jiƙa bakunansu cikin maganin katako, irin su Solignum da ake samu a shagunan kayan gini, maimakon a shafa sama-sama da buroshi. Aka yanke kawunansu a karkace don kada ruwa ya zauna. Aka bar faɗin yatsa tsakaninsu, aka ɗaga su daga ƙasa kimanin yatsu huɗu, aka toshe ƙasan da ragar waya saboda 'yan tsaki. Ƙusoshi muka sa masu rufin zinki, don na farko tsatsa ta cinye su. Baƙin mai kuwa na daina, domin ba ya shiga cikin itace sosai, kuma ruwa yana wanke shi zuwa ƙasar da muke shuka abin miya, ga rijiya a kusa. Maganin katakon ma guba ne, nesa da lambu muka yi aikinsa, sai da ya bushe aka kafa.

Abu na ƙarshe shawarar uwargida ce, irin abin da ta gani a gidansu a ƙauye. Gab da faɗuwar damina muka dasa sandunan dashi a jere ta cikin shingen. Dashi ba ya buƙatar iri, reshe ake sarewa a kafa ya yi saiwa, kuma itace mai rai ba ya ruɓewa a gindi yadda matacce ke yi. An ba mu shawarar bini-da-zugu saboda awaki ba sa cinsa, muka ƙi don 'ya'yansa guba ne kuma muna da yara. In Allah ya kai mu ranar da falankan suka gaji, dashin ya riga ya zama shinge. Yanzu duk ƙarshen damina nakan bi gindin dirkoki da wuƙa ina tsokana, in na ga hanyar gara in bi ta har inda ta fito. Ba a jingina itacen girki ko tara taki a jikin shingen, kuma an ja kwamin lambu baya kaɗan.

In aka yi lissafi, na sayi katako sau biyu, na biya aiki sau biyu, iyalina sun rasa lambun shekara guda, na kusa ɓatawa da maƙwabci, na kuma jawo wa bawan Allah asarar aikin da ba zan iya mayar masa ba. Araha ba ta ado, wannan kowa ya sani. Amma ba araha ce ta kayar da ni ba, don kuɗin da na kashe a kan fenti da ƙarin falankan da na manne da sun rage mini rabin hanya wajen sayen dirkar kirki. Abin da ido zai gani na saya, na yi rowa a kan abin da ƙasa za ta rufe. Da mai sani ya yi magana kuma, maimakon in tambaye shi dalili sai na zarge shi da son kuɗi.

Saboda haka, mai karatu, in za ka kafa shinge, fara da duban ƙasarka kafin ka je kasuwa. Ware kuɗin dirka tukuna, abin da ya rage ka sayi falanki. Kada ka binne farin katako, kada ka shafa wa ɗanye fenti, kada ka rage zurfin rami don sauƙin haƙa. In mai sana'a ya ce maka a'a, tambaye shi me ya sa, ka saurara har ya gama. In kuma ka ƙi shawararsa, to ranar da abin ya lalace ka riƙe bakinka, laifin naka ne. Idan kuɗin dirkar kirki bai cika ba, ja zana ka dasa dashi ka jira, babu abin kunya a ciki. Zanar da ke tsaye tana tsare lambu, shingen katakon da ke kwance ba ya tsare komai.